Hutun miji da mata a Istanbul: wane jirgi, wace unguwa, wane abin hawa?

Kafin ku biya kuɗin ko da kwana ɗaya a otal, ku zauna ku biyu ku amsa tambaya guda: hutu za mu je ko sari? Bahaushe ya fi sanin Istanbul ta ƙofar kasuwa, shi ya sa da zarar dangi sun ji an ce Turkiyya sai saƙo ya fara shigowa. Yaya tana son abaya, ƙanwar miji tana son takalma, maƙwabciya ta turo hoton labule. Taura biyu kuwa ba ta taunuwa a kwana shida. Amsar da kuka ba wa juna ita za ta yanke jirgin da za ku hau, da unguwar da za ku sauka, har da yawan akwatin da za ku ja.

Ni da maigidana sau biyu muka je. Karon farko ejan ne ya zaɓa mana komai, karo na biyu mu muka zaɓa. Abin da na fahimta tsakanin tafiyoyin nan shi ne, kuɗin da aka kashe don a samu sauƙi a kwana biyun farko ba asara ba ne. Inda ya kamata a tsuke hannu yana can gaba, wajen yawon gari.

A fara da jirgi. Turkish Airlines na tashi kai tsaye daga Abuja da Legas, tafiyar kusan awa bakwai, kuma galibi tikitinsa ya fi tsada. Wanda ke Kano yana da EgyptAir ta Alƙahira, da Ethiopian ta Addis Ababa, da Qatar Airways ta Doha. Idan aka dubi taswira, Alƙahira ce kaɗai ke kan hanya, daga can awa biyu da 'yan mintuna ne zuwa Istanbul. Addis da Doha zagaye ne: a nausa gabas sosai, sannan a dawo arewa. Amma lissafin ba a nan ya tsaya ba. Mutumin Kano da ya zaɓi jirgin kai tsaye sai ya haɗa da kuɗin zuwa Abuja na mutum biyu, zuwa da dawowa, wataƙila har da kwanan otal. Wanda ya zaɓi mai araha kuma sai ya duba awa nawa zai zauna a filin jirgin da za a yada zango. Jiran awa biyu zuwa huɗu babu laifi. Jiran awa goma sha ɗaya a kan kujerar ƙarfe kwana guda ne aka yanke daga hutun, kuma da gajiyarsa za a shiga gari.

Abu biyu za a duba a jikin tikiti kafin a biya. Na ɗaya, akwati nawa mai kilo 23 aka yarda wa kowane mutum, domin tikitin da ya yi araha da akwati ɗaya yakan fanshe kuɗinsa ranar dawowa. Na biyu, haruffa ukun filin sauka. IST shi ne babban filin da ya karɓi aiki daga tsohon filin Ataturk a 2019, yana ɓangaren Turai, kimanin kilomita 40 daga tsakiyar gari. SAW kuwa Sabiha Gokcen ne, can ɓangaren Asiya. Tsakaninsu tafiya ce mai nisa, kuma na ga waɗanda suka sauka a ɗaya alhali motar otal na jiransu a ɗayan. Biza kuma a nema da wuri, kada a biya otal ɗin da ba ya mayar da kuɗi sai fasfo ya dawo hannu.

Sai lokacin sauka, wanda mutane ba su cika kula da shi ba. Yawancin otal-otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe biyu na rana. A tafiyarmu ta farko da asuba jirgi ya sauka, bakwai da rabi muna gaban teburin karɓar baƙi, aka ce ɗaki sai azahar. Ƙafafuna sun kumbura, idona kamar an zuba yashi. Maigida ya jawo akwati ya kara mini ƙafa a kai, ya ce, "Maman Amira, ɗan kishingiɗa a nan, bari in sake yi musu magana." Ya je ya dawo sau uku. Da muka samu ɗakin muka kwanta, ba mu farka ba sai bayan magariba, ranar ta tafi ke nan. A karo na biyu sai muka biya daren da ya gabaci isowarmu, muka rubuta wa otal ɗin cewa da safe za mu iso don kada su ba wani ɗakin. Muka yi wanka, muka yi barcin awa uku, azahar ta same mu a masallaci. Kuɗin dare ɗaya ya sayo mana yini guda cur. A tuna kuma agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu.

Daga filin IST zuwa gari hanya huɗu ce. Mafi araha shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin M11, da aka buɗe a 2023, wanda ke kai mutum Gayrettepe cikin kusan rabin awa ba tare da cunkoso ba. Yana da kyau ga mai jakar goyo. Ga mata da miji masu akwati huɗu kuwa wahala ce: tashar na da ɗan nisa daga inda ake fitowa, Gayrettepe rami ne mai zurfin gaske, kuma wanda zai je tsohon gari sai ya sake jirgi zuwa M2, daga nan ya sake wani. Bas ɗin Havaist ya fi dacewa da mai kaya, ana sa akwati a cikinsa a ba ka lamba, yana zuwa Taksim da Aksaray da Kadikoy, tafiyar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi gwargwadon cunkoso. Aibinsa ɗaya, a dandali yake sauke mutum ba a ƙofar otal ba. Tasi mai ruwan ɗorawa tana aiki da mita, amma a tabbata an kunna ta, kuma kuɗin titin da ake biya a kan fasinja yake. Ta huɗu ita ce motar da otal zai turo, wadda ake yanke kuɗinta tun daga gida. Ita na fi so a ranar isowa, domin baƙo ko da ido makaho ne, ga gajiya, ga babu layin waya tukuna. Ranar komawa, bayan an san gari, a hau Havaist a adana kuɗin.

Yanzu ga babbar magana, wato unguwa. Istanbul gari ne na mutum sama da miliyan 15, ruwa ya raba shi, tuddai sun cika shi. Otal mai tauraro biyar a unguwar da ba ta dace ba bai kai mai tauraro uku a inda ya dace ba.

Sultanahmet ita ce zuciyar tsohon gari. Ayasofya, wadda aka gina a 537 kuma aka mayar da ita masallaci a 2020, tana fuskantar masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida, fadar Topkapi na bayansu. Wanda ya sauka a nan da ƙafa zai je duk waɗannan. Babbar ribar ita ce asuba: a fito a yi sallah a Sultan Ahmed, a zauna a dandalin kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su fara juye mutane, babu kowa sai kuliyoyi da masu shara. Wannan sa'ar ba a sayenta da tikiti. Amma unguwar na da nata cikas. Yawancin otal ɗinta tsofaffin gidaje ne da aka gyara, ɗakunan ƙanana, wasu babu lif. Titunan na dutse ne, masu gangara, tayar akwati ba ta jin daɗinsu. Abinci kuma ya fi ko'ina tsada, ga masu tsayawa a ƙofar gidan abinci suna kiran mai wucewa.

Laleli da Aksaray, tasha uku zuwa huɗu daga Sultanahmet a jirgin kan titi na T1, su ne inda 'yan kasuwarmu suka saba sauka, kuma nan ejan ya kai mu karon farko. Unguwar sari ce: shagunan tufafi hawa-hawa, ofisoshin kago, 'yan dako na tura diloli naɗe da salatif tun da sassafe. Da kuɗi ɗaya za a samu ɗakin da ya fi na Sultanahmet faɗi, akwai gidajen abincin 'yan Afirka a Aksaray da Kumkapi, kuma ba abin mamaki ba ne a ji Hausa a bakin lif. Ga wanda ya zo sari babu kamar ta. Ga masu hutu kuwa ba na ba da shawararta a farkon tafiya, kuma dalilina ba ƙyamar wurin ba ne. Duk fitowa daga otal shago ne a gabanka, sai a ce bari a ɗan leƙa, kafin a ankara la'asar ta yi ana ciniki, ana ɗaukar hoto ana tura wa masu saƙo. Kwana uku muka yi a haka, ruwan da ya raba Turai da Asiya ko ganinsa ba mu yi ba. A dare na uku maigida ya ce, "Hajiya, anya ba Kantin Kwari muka zo ba?" Ya faɗi gaskiya, kuma abin ya dame ni, domin shekara biyu muka yi muna tara kuɗin tafiyar.

Taksim sabon gari ne. Manyan otal-otal, ɗakuna masu faɗi, bas ɗin filin jirgi a kusa, ga titin Istiklal mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi cike da shaguna har tsakar dare, ga sabon masallacin da aka buɗe a dandalin a 2021. Ma'aurata masu son fitar dare da kallon jama'a za su ji daɗinta. Sai dai lungunan Istiklal cike suke da mashaya da kiɗa, kuma otal da yawa da ke kiran kansu na Taksim suna can gangaren Tarlabashi ne, inda mace ba za ta saki jiki da tafiyar dare ba. Wanda ya zaɓi nan ya buɗe taswira ya ga ainihin titin, ya fi son ɓangaren Talimhane, inda Larabawa masu iyali suka fi sauka.

Uskudar, a ɓangaren Asiya, ita ce ta fi kwanta mini a rai: unguwar masallatai, mata masu lulluɓi, abinci da farashin 'yan gari. Jirgin Marmaray, da ke bi ta ƙarƙashin ruwa tun 2013, yana kai mutum tsohon gari cikin minti huɗu. Amma otal ba su da yawa, kuma daga IST da nisa. Ta fi dacewa da wanda ya sauka a SAW ko wanda ya taɓa zuwa. Kadikoy da ke kusa da ita ta matasa ce.

In ni za a tambaya, Sirkeci, wadda ake furtawa Sirkeji, ita ce zaɓin masu zuwan farko. Tana ƙasan tudun Sultanahmet, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. T1 na bi ta cikinta, Marmaray na da tasha a nan, jiragen fito na Eminonu tafiyar minti kaɗan ce da ƙafa, lambun Gulhane na gefe, Ayasofya kwata ɗin awa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa da sauka, kuma lungun Hocapasha cike yake da ƙananan gidajen abinci. A nan muka sauka karo na biyu, kuma tsawon kwana huɗu ba mu hau tasi ko sau ɗaya ba.

Ko wace unguwa aka zaɓa, kada a yarda da hoton ɗaki, domin kyamara na faɗaɗa shi. A nemi girmansa a rubuce. Murabba'in mita 12 gado ne da hanyar wucewa, babu wurin shimfiɗa darduma in an buɗe akwati, daga 18 zuwa sama ne mutum biyu za su sake. A tambaya ko akwai lif, ko tagar na kallon waje, ko karin kumallo na cikin kuɗin. Karin kumallonsu burodi ne da cuku da zaitun da tumatir da ƙwai da shayi, yana riƙe ciki har azahar, don haka ya cancanci a biya. Buta ba dole ba ce, masansu na da ɗan famfon tsarki a jiki, makunninsa na gefe a bango. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, na Najeriya mai ƙafa uku ba ya shiga sai da adafta, mutanen Nijar kuwa cajarsu za ta shiga yadda take.

Shirin ejan da ake kira fakej yana da amfaninsa, musamman wajen takardun biza da wanda bai taɓa fita ba. A karɓi jirgi da mota a hannunsa in farashin ya yi, amma a nemi sunan otal ɗin da titinsa a rubuce kafin a biya. Yawon garin da ake cusawa a ciki shi ne ba na so. Ana tashin mutum bakwai na safe, a zagaya otal-otal ana kwasar jama'a, a ba ka rabin awa a masallacin da ya cancanci yini, sannan a ɓata awa biyu a shagon fata ko na alewa inda mai rakiya ke da kamasho. Haka kuma abin da ake tallatawa da sunan cin abincin dare a jirgin ruwa: galibinsu akwai giya da 'yan rawa, kuma ba a faɗa sai an shiga.

Madadinsa yana da araha ƙwarai. A sayi Istanbulkart a injin tasha a zuba masa kuɗi, kati ɗaya ne na bas da T1 da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin fito. Mutum biyu na iya amfani da ɗaya, amma gara kowa ya riƙe nasa saboda cunkoson ƙofa na iya raba ku. Da shi muka hau jirgin fito daga Eminonu zuwa Uskudar gab da magariba, a yinin farko na tafiyarmu ta biyu. Muka zauna a bencin waje, wani dattijo ya zo da tire yana rarraba shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, ja wur, da sukari ƙwaya biyu a gefe. Na sayi simit, burodin nan mai kamar awarwaro da aka barbaɗe da riɗi, yara na gutsura nasu suna jefa wa tsuntsayen ruwa suna cafewa a iska. A bayanmu hasumiyoyin tsohon gari sun jeru a kan tudu, rana na faɗuwa a tsakaninsu. Muna sauka aka kira sallah, muka tsallaka titi zuwa masallacin Mihrimah. Na sa takalmina a leda na hau wurin mata, bayan sallama ladani ya ja tasbihi da murya, kowa na bi. Duk wannan a kuɗin mota na 'yan gari. Mai son ya ga mashigin Bosforus sosai, wato ruwan da ya raba Turai da Asiya, kamfanin jiragen fito na birnin, Shehir Hatlari, yana da zagayen kusan awa biyu daga Eminonu.

Ranaku ma abin dubawa ne tun wajen sayen tikiti. Topkapi a rufe take ranar Talata, kuma ita ce bai kamata Musulmi ya rasa ba, saboda ɗakin kayan amana da aka kawo bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517, inda ake ajiye da mayafin da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da takubban sahabbai, mai karatu na karanta Alƙur'ani ba yankewa. Babbar rufaffiyar kasuwa, Kapalicharshi, mai shaguna wajen 4,000, ba ta ci ranar Lahadi. A Ayasofya, tun Janairun 2024 aka sa wa baƙi masu kallo Yuro 25 don hawa benen sama, amma mai sallah ta ƙofar masallata yake shiga ba ya biya. Katin shiga gidajen tarihi na kwana biyar da ake sayar wa baƙi bai haɗa da wannan benen ba, don haka masu kwana kaɗan su lissafa wuraren da za su shiga kafin su saya. Sauran masallatai kusan duk kyauta ne. Sulaimaniyya, masallacin da magini Sinan ya kammala a 1557, ya fi Sultan Ahmed natsuwa, kuma daga farfajiyarsa ana hango gari da ruwa. Ziyarar kabarin Abu Ayyub al-Ansari a Eyup kuwa layin T5 daga Eminonu ke kai mutum.

Wata ma a duba shi. Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, su ne daidai. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi da cunkoso da tsadar ɗaki, kuma a Yuni magariba sai wajen tara saura. Janairu ɗaki na araha, amma sanyi ne da ruwan sama wanda hunturunmu bai kama ƙafarsa ba.

Wajen abinci, a bar gidajen da ke da mai kira a ƙofa, a nemi lokanta, inda tukwane ke jere bayan gilashi mutum ya nuna da yatsa: miyar adas, shinkafa, wake, naman da aka dafa da gauta. Ayran ɗinsu nono ne da gishiri. Abincinsu ba shi da yaji yadda muka saba, ni da ƙullin yajina nake tafiya, kuma a kwana na uku maigida ya fi ni neman sa. Canji kuma a yi kaɗan a filin jirgi, na shayi da kati, sauran a bari sai shagunan canji na Sirkeci ko bakin kasuwa, inda farashi ya fi kyau.

Saƙon dangi fa? Ba a ƙi shi ba, zumunci ne. Mu dai a karo na biyu mun ware masa kwana biyun ƙarshe. Muka tattara daga Sirkeci muka koma Laleli, tasha biyar a T1, muka kama ɗaki mai faɗi, muka fito da takardar da muka rubuta sunan kowa da abin da ya aiko da kuɗinsa. Kafin mu sayi komai sai da muka shiga ofishin kago biyu muka tambayi kuɗin kilo zuwa Kano, muka gwada da abin da jirginmu ke caji a kan ƙarin akwati. Labule da zannuwan gado suka bi kago, abaya da takalma da tsarabar yara suka shiga akwatunanmu, kuma mun auna kowanne a sikelin otal tun da dare.